Babi na Bakwai: Zuciya a Cikin Ɓawo

Da ruwan fari ya sauka a ƙasar Dakoro, shamuwa ta dawo kan itatuwan gari, sai zabi su fara ƙwai. Daga Kornaka har Birnin Lalle, har ƙauyukan da ke bakin kwarin Tarka, duk gidan da ke da garken zabi za ka tarar an sa yara bin zabuwa a ɓoye, don a gano inda ta yi gurbi, ko gindin sabara ne ko cikin ciyawa. Ana kwaso ƙwan, wani a kai kasuwa, wani a dafa a sayar a tasha da ɗan yaji, wani kuma a ware don iri. Sai dai na irin ba zabuwa ake bar wa ba. Kowa ya san halinta: a daji take kwanci, inda kare da muzuru da maciji ke kai wa, in ma ta dace ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa tun da asuba, kafin mako ya zagayo rabi sun mutu. Kaza ake nema, wadda ta shiga kwanci, a zuba mata.

A nan lissafi ke shigowa, kuma matan gida sun fi kowa riƙe shi. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa 26 zuwa 28. In aka yi gangancin haɗa su rana ɗaya, ranar da 'yan tsaki suka fito kaza za ta tashi da su ta tafi kiwo, ta bar ƙwan zabi da sauran mako guda a gabansa. Shi ya sa wadda ta san aiki take fara sa na zabi, sai bayan kwana bakwai ta ƙara biyu ko uku na kaza, don su fito tare. Yau da injin ƙyanƙyasa ya fara shiga garuruwa, wani mai aiki da kananzir, wani da hasken rana, lissafin bai sake ba. Abin da ya rage mana mu tambaya shi ne: me ke faruwa a ciki duk tsawon kwanakin nan, da har kuskuren 'yan kwanaki, kai ko na 'yan sa'o'i, yake iya mayar da ƙwai mai rai baragurbi? Hanya mafi kusa ta samun amsa ita ce a saurari zuciya.

Ana iya ganinta da ido tun kafin a ji ta. Ka ɗauki ƙwan kaza mai farin ɓawo wanda ya kwana huɗu ko biyar a ƙarƙashin uwa, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka dunƙule hannu a kan tocilar wayarka, ka ɗora gindin ƙwan a kai. Cikinsa zai yi ja-ja. Za ka ga siraran jijiyoyin jini sun bazu daga wuri ɗaya, a tsakiyarsu kuma ga wani ɗan ɗigo mai duhu. In ka tsayar da hannunka ka ƙura ido, ɗigon nan motsi yake yi, yana kumbura yana sacewa. Na zabuwa ya fi wuyar dubawa, don ɓawonsa ya fi kauri da duhu, sai an ƙara kwanaki. Kada dai ka daɗe, ka mayar wa kaza abinta.

Wannan ɗigon shi ne Arisɗo, masanin nan na Girka, ya gani fiye da shekara 2,300 da suka wuce, lokacin da yake fasa ƙwai rana bayan rana yana rubuta abin da ya tarar. Ya ce a kwana na uku ake fara ganin ɗigon jini mai harbawa. William Harvey na Ingila, wanda ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki a 1628, shi ma ya koma kan ƙwan kaza, ya fitar da littafi a kan haihuwar dabbobi a 1651. Da madubin ƙara girma ya samu, sai aka gane idon Arisɗo ya makara kaɗan. Zuciyar tana fara bugawa ne wajen kwana ɗaya da rabi da fara kwanci. A lokacin ba ta ma yi kama da zuciya ba, ɗan bututu ne kawai, babu ɗakuna huɗu, babu ƙwaƙwalwar da za ta ba ta umarni, babu jijiyar saƙo ko ɗaya da ta iso gare ta. Naman ne da kansa yake bugawa. Sai wajen kwana na takwas take gama lanƙwashewa ta rabu ɗaki huɗu, kuma duk ginin nan ana yin sa ne tana cikin aiki, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.

Matsalar masu bincike na da ita ce, in ka fasa ƙwai don ka ga zuciya, ka riga ka ɓata abin da kake son aunawa. Wanda ya fi kowa ba da rayuwarsa ga warware wannan shi ne Hiroshi Tazawa, na Cibiyar Fasaha ta Muroran a tsibirin Hokkaido na Japan, shi da ɗalibansa. Dabarunsu akwai ban sha'awa. Duk bugun da zuciya ta yi, ƙwan gaba ɗaya yana ɗan girgiza, girgizar da ido ba ya gani, hannu ba ya ji. Sai suka ɗauki allura irin ta garmaho suka jingina ta da ɓawon, ta riƙa ɗauko girgizar. Wata dabarar kuma, wadda Hermann Rahn da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1990, ita ce a manna ƙaramar makirufo a jikin ɓawo a toshe gefenta, domin kowane bugu yana sauya matsin iskar da ke ratsa ƙofofin ɓawon. Yanzu har akwai 'yar na'ura mai suna Buddy da ake ƙerawa a Ingila, wadda masu kiwon aku da gidajen namun daji ke saya: a sa ƙwai a ciki a rufe, wani haske da ido ba ya gani ya ratsa shi, lamba ta fito a allo.

Ga abin da aka samu a ƙwan kaza, in zafin kwanci ya tsaya wajen digiri 38. A kwana na uku zuciyar tana buga wajen 150 a minti. Kafin mako ya cika ta haura 200. Tana ci gaba da hawa har ta kai wajen 270 zuwa 280 a ƙarshen mako na biyu, wato kusan bugu biyar a daƙiƙa ɗaya, saurin da yatsa ba zai iya bi ba. Ka tuna zuciyar babban mutum a zaune 60 zuwa 100 take yi. In ka zauna ka buga lissafi, kafin ɗan tsako ya ga hasken rana zuciyarsa ta yi bugu kusan miliyan bakwai.

Daga nan sai abin ya juya. Mai hankali zai zaci hawan zai ci gaba har ranar fita, tunda jiki girma yake ƙarawa. A'a. Ta tsaya, har ma ta ɗan sauko zuwa wajen 250 ko 260 a kwana na 18 zuwa 19. Zuciyar ta girma, kowane bugu yana tura jini fiye da na da, wannan ɗaya ne. Na biyu kuma, ɗan tsako ya fara cin karo da iyakar gidansa. Ɓawon ƙwai ba a toshe yake ba, ƙwan kaza yana da ƙananan ƙofofi wajen 10,000, ta nan iskar oksijin ke shiga, iskar kabon da tururin ruwa ke fita. A ƙarƙashin ɓawon akwai tantani mai cike da jijiyoyin jini, shi ne ke aikin huhu. A kwana 21, ƙwai mai nauyin giram 60 yana shan oksijin wajen lita 6, yana kuma rasa kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa ta hanyar ruwan da ke fita. Gurbin da ruwan ya bari shi ne kogon iskar da ke gindin ƙwai, ɓangaren da ya fi faɗi, wanda kowa ke gani in ya ɓare dafaffen ƙwai. To amma adadin ƙofofin nan tun a cikin uwa aka yanke shi, ba ya ƙaruwa. Ɗan tsako yana girma, buƙatarsa tana ƙaruwa, ƙofa tana nan yadda take. Gab da ƙarshe, oksijin da ke kogon ya sauko daga kashi 21 cikin ɗari, yadda yake a sarari, zuwa wajen 14, kabon kuma ya hau wajen 5 zuwa 6. Mutum in aka sa shi a irin wannan iska, haki zai riƙa yi.

Amma a ganina ba yawan bugun ne labari ba. Labarin yana cikin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Su Tazawa, tare da Joachim Höchel daga Jamus, sun auna kowace tazara ɗai-ɗai, suka wallafa sakamakon a 1998. Har zuwa wajen kwana na 12, tazarar daidai take, in aka zana ta a takarda layi ne miƙaƙƙe. Wanda bai sani ba zai ce ai wannan ita ce lafiya. Sai wajen kwana na 13 zuwa 14 layin ya fara tsinkewa: zuciya tana cikin gudu sai ta yi ƙasa farat ɗaya, na ɗan lokaci, ta koma yadda take. Bayan kwana biyu ko uku sai ga akasin haka, ta zabura sama ta dawo. Kullum abin ƙaruwa yake, har ya zama a kwanakin ƙarshe zanen duk ya hargitse.

Wannan hargitsin alamar nuna ce. Abin da ya faru shi ne ƙwaƙwalwa ta kama ragamar zuciya. Doki ne da ke ta sukuwa ba kowa a kansa, yanzu mahayi ya hau, ya sa linzami, ya ɗaura ƙaimi. Linzamin wata jijiyar saƙo ce da likitoci ke kira bagus, wadda ke saukowa daga ƙwaƙwalwa tana rage gudun zuciya. Ƙaimin kuma jijiyoyin zaburarwa ne da sinadaran da ke tafe da su. An tabbatar da na farkon ta hanya mai sauƙi: da aka sa wa ɗan tayin maganin atirofin, wanda ke toshe saƙon wannan jijiya, sai faɗuwar nan ta farat ɗaya ta ɓace. Wato linzami ne ya riga zuwa, kuma hakan ya dace da hankali. Mai zaune a ɗakin da iska ta yi ƙaranci ya fi buƙatar abin da zai tsayar da shi a kan abin da zai zuga shi.

Ungozomar asibiti ta san wannan magana ko da ba ta taɓa duba ƙwai ba. In ta ɗora ƙahon sauraro a cikin mai juna biyu, tana neman bugu 110 zuwa 160 a minti. A manyan asibitoci kuma, inda na'ura ke zana bugun a takarda, abin da ke tayar wa likita hankali shi ne ya ga layin ya miƙe sambal babu hawa babu sauka. Jaririn da ke lafiya zuciyarsa tana 'yan tsalle-tsalle, in ya motsa ta hau, in ya yi barci ta lafa. Mutum da kaza sun yi nisa da juna, amma a nan hanyarsu ɗaya.

Da zarar zuciya ta fara amsa wa ƙwaƙwalwa, ta zama taga da za a leƙa a ga ko na ciki yana jin abin da ke waje. A Jami'ar Flinders ta Ostireliya, Diane Colombelli-Négrel da Sonia Kleindorfer sun yi aiki a kan wani ɗan ƙaramin tsuntsu na can wanda uwarsa ke yi wa ƙwai wani kuka na musamman tana kwanci. Sun nuna a 2012 cewa 'ya'yan suna koyon wani yanki na kukan tun suna cikin ɓawo, su riƙa sa shi cikin roƙon abinci bayan sun fito. Daga baya suka sa ƙwan a na'urar auna zuciya suka kunna masa muryoyi. In ya ji kukan irinsa, bugun sai ya sauka, alamar ya kasa kunne. In aka yi ta maimaita murya ɗaya sai ya saba ya daina amsawa, in aka sako ta wata tsuntsuwar dabam sai ya sake sauka. Wanda duk ya taɓa tsugunawa kusa da kaza a daren ƙyanƙyasa ya ji tana gurnani ƙasa-ƙasa, ana amsa mata daga ƙarƙashinta, ba zai yi mamaki sosai ba.

Duk lambobin da na kawo sun rataya ne a kan zafi, kuma a nan ne ƙasarmu take da tata magana. Ɗan tayin tsuntsu bai iya ɗumama kansa ba, zafin jikinsa na aro ne. In kaza ta tashi ta je shan ruwa, ƙwan ya ɗan huce, zuciya sai ta rage gudu, ta dawo ta kwanta, ta ƙara. A ƙiyasi, in zafi ya sauka da digiri 10, bugun yana raguwa wajen rabi. Sanyi yana da rangwame. Tazawa da Rahn sun sanyaya ƙwai har zuciya ta tsaya cik, da aka mayar da shi ɗumi ta ci gaba da bugawa, muddin abin bai daɗe ba. Saboda haka ƙwan da kaza ta guje wa na rabin yini, ko wanda wutar inji ta ɗauke masa dare ɗaya, bai kamata a yi saurin zubar da shi ba. A sa wa wata kazar, a jira, a ƙara masa kwana ɗaya ko biyu a kan lissafi.

Zafi kuwa ba ya rangwame. Yana ƙaruwa zuciya tana ƙara gudu, in cikin ƙwai ya kai wajen digiri 46 zuwa 47 sai bugun ya rikice ya tsaya, kuma wannan tsayuwar ba ta da dawowa. Tun kafin a kai nan ma, zama a sama da digiri 40 na dogon lokaci yana nakasa ɗan tayi. To a Dakoro, cikin Afirilu da Mayu, inuwa ma tana haura 40, balle ɗakin kwano ko akurkin da rana ke duka. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Ɗan tayi yana fara girma da zarar zafi ya wuce wajen digiri 25. A Turai mai kaji zai ajiye ƙwai a ɗaki mako guda yana barci. A nan kuwa ƙwan da ake tarawa a ƙwarya don a cika wa kaza gurbi ya riga ya fara tafiya, a kan zafin da bai isa ya gina shi daidai ba, yau sama gobe ƙasa. Da yawan baragurbin da ake ɗora wa kaza laifinsa, ko a ce zakara ne bai da kirki, tun a ƙwarya aka kashe shi. Masu ajiye ƙwan iri a gindin randa, kan yashi mai laima, su kuma ƙi barin sa ya wuce mako, gaskiyarsu ce.

Kwanakin ƙarshe su ne masu wuya. Wajen kwana na 18 ɗan tsako yana gyara kwanciya, ya kai kansa gindin ƙwai, ya cusa shi ƙarƙashin fiffiken dama, baki yana fuskantar kogon iska. Shi ya sa masu inji ke daina juya ƙwai daga wannan rana. Sauran gwaiduwa tana shigewa cikinsa ta cibiya, guzurin kwana biyu ko uku na farko ke nan. A kwana na 19 zuwa 20, ƙarancin iska ya ishe shi, wata tsoka da ta kumbura a ƙeyarsa ta fara fizga, bakin ya huda tantanin ciki ya shiga kogo. Nan ya ja numfashinsa na farko.

In da za a tambaye ni ranar haihuwar ɗan tsako, wannan zan nuna, ko da yake daga waje ƙwan yana nan lafiya lau ba tsaga. Daga wannan sa'a yana da hanyar numfashi biyu, tsohon tantani yana aiki, sabon huhu yana koyo, zuciya kuma dole ta raba jini tsakaninsu. Kafin nan jinin da ya fito daga ɓangaren dama na zuciya ba ya bi ta huhu sosai, yana zagayewa ta wasu gajerun hanyoyi biyu. Yanzu hanyoyin sun fara tsukewa a hankali, jini yana karkata zuwa huhu, jijiyoyin tantani suna janyewa. A zanen bugun zuciya wani sabon abu yana bayyana nan gaba kaɗan, bayan ya tsaga ɓawo: bugun yana hawa da sauka tare da numfashi, kamar yadda yake yi a ƙirjin kowane yaro mai lafiya. Kuma tunda akwai iska a huhu, akwai murya. Ka kara ƙwan a kunne za ka ji tsiyu-tsiyu, da wani ƙas-ƙas mai bin numfashi. Margaret Vince ta Jami'ar Kambirij ta nuna a shekarun 1960 cewa ƙwan salwa da ke jingine da juna suna jin wannan ƙas-ƙas ɗin, na baya ya ƙara sauri ya kamo na gaba, su fito kusan lokaci ɗaya. Ga tsuntsun da uwarsa za ta tashi ta bar gurbi da zarar yawancin 'ya'ya sun bushe, makara mutuwa ce.

Iskar kogo ba ta da yawa, ba ta wuce ta rabin yini zuwa yini ɗaya ba. Da ta ƙare, sai ya kai wa ɓawon kansa sara da ɗan ƙahon da ke kan bakinsa. Wani ɗan yanki ya ɗago, tsaga mai kusurwa uku ta bayyana, iskar duniya ta shiga. A nan zuciya take tashi daga saukar da ta yi, ta hau wajen 300, in yana yunƙuri ma ta wuce.

Sai kuma shiru. Wannan shirun ne ke cin mutane. Tsaga ta fito da safe, azahar ta yi ba abin da ya ƙaru, la'asar ta yi, ga ɗan baki nan ana hango shi yana buɗewa yana rufewa. Yaro ya tsuguna, ya ɗauki tsinke.

"Inna, ya gaji. In ɗan ɓare mishi?"

"Kul! Aje tsinken nan, ɗana. Ƙyale shi ya hito da kainai."

Tsohuwar ba ta san sunan tantanin ba, amma ta taɓa ganin abin da ke biyo bayan ɓarewa: jini ya ɓullo a gefen ɓawo, ɗan tsako ya fito da cibiya a buɗe, gwaiduwa a waje, kafin magariba ya sandare. Hutun nan da yake yi, wanda kan kai sa'a 12 ko fiye, aiki ne. Jinin da ke cikin tantani yana komawa jiki, jijiyoyin suna rufewa, cibiya tana haɗewa, huhu yana karɓar aikin gaba ɗaya. In an gama, da kansa zai fara juyawa a ciki, yana sara yana matsawa, yana bin hannun hagu in ka dube shi ta gindin ƙwai, har ya kusa zagaye ɓawon. Sannan ya tokare da ƙafa, ya miƙe wuya, murfin ya ɓalle. Ya zube a jiƙe, ido a lumshe, ƙirji yana harbawa. Wannan zagayen na ƙarshe sau da yawa bai fi sa'a ɗaya ba. Na zabuwa ya fi shan wuya saboda taurin ɓawo, kuma in iska ta bushe, kamar a lokacin hunturu, tantanin yana iya ƙafewa ya manne masa. Irin wannan kaɗai ne taimako ke da amfani, shi ma sai an ga tantanin ya daina nuna jan jini. A damina, lokacin da zabi suka zaɓa wa kansu, laimar iska tana rage wannan matsala.

Ba duk tsuntsaye ke bin zanen kaza ba. Kaza da zabuwa da agwagwa suna fitowa da gashi, ido buɗe, su bi uwa a ranar. Ɗan shila kuwa, bayan kwana 17 ko 18, yana fitowa ido rufe, ba ya iya ko ɗaga kai. Jan baki, wanda ke sauka a gonakin gero da dawa ya bar manomi da kara, bai fi kwana 10 zuwa 12 a ƙwai ba. A ƙananan tsuntsaye masu fitowa tsirara, binciken James Pearson da Tazawa ya nuna bugun ba ya yin doguwar tsayawar nan, hawa yake yi har ranar fita, ya haura 300. Ba su zauna a ciki har su gama nuna ba, a sheƙa suke ƙarasawa. Akwai kuma ƙa'idar girma: ƙwai yana ƙara girma, zuciyar cikinsa tana rage sauri.

Ƙarshen wannan ma'auni yana arewa da mu kaɗan. Gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, a da ƙasar jimina ce, mai jan wuya, wadda ta fi kowane tsuntsu girma a duniya. Farauta da kwasar ƙwai da fari suka ƙarar da ita a dajin Nijar. An ci gaba da kiwon 'yan kaɗan da suka rage a killace, musamman a Kelle ta jihar Damagaram, kuma daga can ne aka kawo 'ya'ya Gadabeji a 'yan shekarun nan. Ƙwan jimina yana kai kilo ɗaya da rabi, yana kwana 42, mace tana kwanci da rana, namiji da dare. Zuciyar da ke cikinsa wajen 185 take bugawa a tsakiyar kwanci, ta sauko har wajen 140 gab da ƙarshe, kusan rabin ta ɗan tsako. Inda kowane ƙwai ɗaya yake da daraja haka, sanin ko na ciki yana da rai, da sanin ko ya huda kogo, ya wuce son sani. Shi ke gaya wa mai kula da inji yaushe zai sa hannu, yaushe zai kama kansa.

Fita daga ɓawo ba ta gama wa zuciya karatu ba. A cikin ƙwai bugun ɗan tsako bai san dare da rana ba, sai bayan ya fito, cikin 'yan kwanaki, yake fara sauka da dare ya hau da rana. Amsarsa ga sanyi ma tana juyewa. Jiya in ya ji sanyi zuciya lafawa take yi, yau kuwa tashi take, don jiki ya fara ƙoƙarin kunna wutarsa da kansa. Sai dai wutar ba ta da ƙarfi tukuna, tana ɗaukar makonni kafin gashin gaske ya fito ya riƙe zafi. 'Yan zabi sun fi 'yan tsaki rauni a nan, ƙanana ne, kuma cikin ruwa suke zuwa duniya. Ɗan zabon da raɓa ta jiƙa yana ƙone ɗan guzurin cikinsa cikin sa'o'i kaɗan yana neman ɗumi, in bai samu ƙirjin kaza ba sai ya kwanta. Shi ya sa a makonnin farko ake kife su da uwar riƙonsu a akurki, a ba su tsaki da gara da ruwa a kasko marar zurfi, ba a sake su sai hantsi ya ɗaga ciyawa ta bushe.